Biyu Na Maraƙa, Biyu Na Ƙwarya

Ranar da aka ɗauke maraƙar, babu wanda ya ga ya dace a gaya wa Uwani, alhali ita ce mai saniyar.

Ta fito daga gidan ƙanenta Alhaji Zakariyya da ke Gyadi-Gyadi bayan sallar asuba kamar yadda ta saba, ƙwarya a ka, butar ruwan ɗumi a hannu, wankakken tsumma a kafaɗa. Kangon da Alhaji ke ajiye shanu yana can Tarauni, wajen Ƙauyen Alu, tafiyar da mai lafiyar ƙafa zai yi a rabin sa'a, ita kuwa da gwiwoyinta sai ta kusa ninkawa. Tun kafin ta shiga layin ta jiyo kukan. Uwani ta kusa shekara sittin, kuma mafi yawansu a gindin saniya ta yi su. Ta san kukan yunwa, ta san na ƙishirwa, wannan kuwa ba ko ɗaya ba ne.

Ta tura ƙyauren kwano ta shiga. Saniyarta Kwalli na tsaye a turkenta, ta ja igiya har wuyanta ya goge, tana kallon inda ake ɗaure 'yarta. Igiya ce kawai yashe a cikin taɓo.

"Audu, ina 'Yar Kunne?"

Audu, mai kula da shanun, magidanci ne da furfura ta fara taɓa gemunsa, amma ranar ya kasa ɗaga ido ya dube ta. Ya ce, "Inna, jiya da la'asar aka zo da a-kori-kura. Alhaji ya ce a kai ta gonar wani abokinsa ta hanyar Wudil. Ni na ɗauka da saninki."

Bai ɗauka ba, kuma ita ma ta san bai ɗauka ba. Sai dai ba da shi take da magana ba.

Kwalli farar saniya ce ta gida, idanunta zagaye da baƙi, abin da ya jawo mata sunan ke nan. Ita kaɗai ta rage daga shanun mahaifiyarsu Uwani, wannan ta haifi waccan, waccan ta haifi wata, har aka gangaro kanta. Da ɗakin Uwani ya rushe a daminar bara, ga miji ya rasu, Alhaji da kansa ya je ƙauye ya ce, "Yaya, ki taho da saniyarki. Ga kango, ga dusa, ga mai kula." Har hawaye ta yi don daɗi. A Kano Kwalli ta haihu, mako bakwai ke nan, mace, fara tas da kunne ɗaya baƙi. Ranar Uwani ta ce wa kanta to, shanun Inna ba za su ƙare a hannuna ba.

Ta daure ta yi abin da ta zo yi. Ta wanke hannu da sabulu, ta wanke hantsar saniyar da ruwan ɗumi, ta goge ta da tsumma har ta bushe, ta tsuguna ta kafa ƙwarya tsakanin gwiwoyinta. Hantsar cike take, tam. Ta matsa, ɗigo biyu suka fito, ta sake matsawa, shiru. Duk wanda ya tashi cikin shanu ya san farar saniyar gida ba famfo ba ce. Sai 'yarta ta zo ta tunkuyi hantsa, ta tsotsa, sannan take sakin nono. Daga nan a janye maraƙar zuwa gaban uwar tana lasarta, a tatsi kan nono biyu, a bar mata biyu. Ƙa'idar Inna ke nan tun Uwani na 'yar ƙarama, biyu na maraƙa, biyu na ƙwarya, kuma ba ta taɓa karya ta ba ko a shekarar fari.

Ta koma gida da ƙwarya kusan wayam. Ta tarar da Alhaji a falo yana shan shayi, matarsa Hajiya Zahra'u na gefe tana liƙa takardu a jikin robobin yogot ɗin da take sayarwa a shagon ƙofar gida.

"Zakari, me maraƙata ta yi maka?"

"Yaya, zauna mana. Ai da ma yanzu nake shirin yi miki bayani."

"Bayanin da ake yi bayan an gama aiki?"

Hajiya ta yi murmushi, ta ce, "Yaya, ke ma ki duba. Rabin madarar nan fa a cikin maraƙar take tafiya. Kuma ta Kwalli ce mai maiƙo, ita ke gyara mini ta sauran shanun. Mutane na tambaya, ni kuma ina ba su haƙuri."

"Rabonta take sha, ba na kowa ba."

Alhaji ya ɗaga wayarsa kamar mai nuna shaida. "Yaya, zamani ya canza. A ƙasashen da suka ci gaba, ranar da aka haifi maraƙi ranar ake raba shi da uwar. Da idona na gani. Can gonar madarar gari ake dama mata, ta ma fi samun kulawa."

"Waɗancan shanunsu ne. Wannan ba ta sakin nono sai ta ga 'yarta. Idan ya kwana a hantsa bai fita ba, ciwo zai zama."

"Kwana biyu ne za ta manta," in ji shi. "Dabba ce fa, Yaya."

Akwai irin mutanen da idan suka kalli abu na minti uku a waya, sai su fi wanda ya yi shekara hamsin yana yin sa sani. Alhaji Zakariyya ba mugu ba ne a idon unguwa. Yana gaisuwar mutuwa, yana raba hatsi da azumi, yana kiran Uwani Yaya da ladabi. Da ladabin nan ya gaya mata cewa daga gobe ta huta da zuwa Tarauni, don ya sayo injin tatsa, Audu zai riƙa yi.

Hajiya ta ƙara da cewa, "Kuma kin san masu saye yanzu sun waye, ba sa son a ce da hannu aka tatsa. Sai ki zauna a gida ki huta. In kin ji zaman ya ishe ki, ga robobi nan ki ɗan taya ni wankewa."

Haka aka yi. Hannun da bai isa ya taɓa hantsa ba saboda tsabta, shi aka ba wankin robobin da mutane za su kafa baki.

Kwana uku ta daure, a na huɗu ta ce za ta je dubiya, ta nufi kangon. Ta iske janareta na ruri, injin na aiki. Wani bokitin ƙarfe ne mai robobi huɗu da ke kama kan nono suna zuƙa. Shanun Alhaji uku masu jinin waje ba ruwansu, da an kafa musu suke zubarwa. Kwalli kuwa sai da aka ɗaure mata ƙafafu. Injin ya yi ta zuƙar abin da ba a saki ba, tana karkarwa, Audu na tsaye yana jira ko za ta gaji ta ba da kai.

Uwani ta ga ya cire robobin daga jikin jar saniyar Alhaji ya kafa wa Kwalli kai tsaye, ko ɗauraya babu. Ta ga tsumma ɗaya rataye a kan katanga, baƙi ƙirin, shi ake goge duka huɗun da shi. Ta ga ƙasan kangon, damina ta haɗa taɓo da kashi da fitsari sun zama abu ɗaya, kuma da aka cire injin nan take Kwalli ta zube a ciki. Uwani kuwa a wurinta, da ta gama tatsa take zuba harawa don saniya ta tsaya a kan ƙafafunta har kan nono ya rufe.

"Audu, kai ma ɗan ƙauye ne. Haka aka koya maka?"

"Inna, ruwa jarka huɗu ake sayo mini a wuni. Su sha, ko in wanke inji? Na faɗa, an ce ina da ɓarna."

Ta tsuguna ta sa tafin hannu a hantsar Kwalli. Ɓangaren baya na hagu ya yi zafi, ya fara tauri. Saniyar ta ɗaga ƙafa za ta yi shuri, abin da ba ta taɓa yi mata ba, sai kuma ta juyo ta shinshina ta, ta sauke ƙafar. Uwani ta nemi baƙin murfin roba, ta matsa a kai don ta ga abin da ke fitowa. Ruwa-ruwa ne, da gudaji a ciki kamar kindirmon da ya tsinke.

A gidan da ke jikin kangon akwai wata mata 'yar Filato, Lydia, malamar dabbobi ce a ma'aikatar gwamnati. Sun saba gaisawa da safe, har Uwani ta taɓa ɗebar mata madara a kofi don 'ya'yanta. Ta buga mata ƙofa. Lydia ta zo da jakarta, ta auna zafin jikin saniyar, ta taɓa hantsar, ta duba murfin, sannan ta je ta matsa na jar saniyar ma ta gani.

"Mama, ciwon hantsa ne. Daga waccan jar ya taso, inji da tsumma suka kawo mata, ga nono kuma ya taru bai fita ba. Amma yanzu da sauƙi. A tatse wannan ɓangaren da hannu sau huɗu ko biyar a wuni a zubar, a gasa da ruwan ɗumi, in sa mata magani a kan nonon in yi mata allura. Ita za a riƙa tatsa a ƙarshe, kowace saniya da tsummanta, a wanke injin nan da ruwan zafi. Kuma a dawo da maraƙar, ita ce rabin maganin."

"In an yi haka za ta warke?"

"In an fara yau. Amma madararta duka zubarwa za a yi har maganin ya fita daga jikinta. Ba a sha, ba a sayarwa."

Da yamma Uwani ta kai wa Alhaji maganar kamar yadda aka faɗa mata, ba ta rage ko kalma ba. Hajiya ce ta riga shi amsawa.

"Allura? Tab! Madarar da aka yi wa saniya allura ba ta kama yogot, sai ta tsaya ruwa. Ni kuma na karɓi aikin biki ranar Asabar. Kan nono ɗaya ne ya lalace, ai saura uku."

"Ukun ma a jiki ɗaya suke, Zahra'u. Zazzaɓi take yi."

"Ana tacewa, ana tafasawa. Me ya rage?"

Alhaji kuwa ba ciwon ne ya dame shi ba. Ya ajiye cokali ya ce, "Yaya, wa ya ce ki shigar da baƙuwa cikin kangona? Ma'aikaciyar gwamnati fa! Gobe a ji a gari cewa shanun Alhaji Zakariyya na da ciwo, wa zai ƙara sayen kayan gidan nan? Ki yi haƙuri a wuce Asabar, ni da kaina zan kawo likita babba."

"Saniyata ce, Zakari."

"Ba wanda ya ce ba taki ba ce. Amma dusar wa take ci?"

Wannan kalma ta shige ta har ƙashi. Ta tashi ta tafi ɗakinta ba ta ci abincin ba. Washegari da ta je Tarauni ta tarar da sabon kwaɗo a ƙyauren, makulli ɗaya a aljihun Alhaji, ɗaya a na Audu, da umarnin kada a buɗe wa kowa.

A bayan kangon akwai inda bulo ɗaya ya fita, daidai ƙirjin mutum. Nan Uwani ta mayar wurin zuwanta. Da ta gama wankin robobi sai ta kama hanya, ta tsaya a kan tudun shara ta kira, "Kwalli, Kwalli, taho 'yar Inna." Saniyar takan ja igiya iya tsawonta ta miƙo hanci, Uwani ta zura hannu ta shafa. Hancin da ya kamata ya kasance da danshi ya bushe. Hannunta yana kaiwa ga fuska, amma ba ya kaiwa ga hantsa, inda ake bukatarsa. Masu wucewa suna kallonta, wasu na zaton taɓin hankali ne ya sa tsohuwa hira da katanga.

Sau ɗaya Audu ya ji tausayi ya buɗe mata da rana tsaka. Ta roƙi ruwan zafi a wurin Lydia, ta gasa hantsar, ta tatse abin da za ta iya, saniyar na nishi ita tana hawaye. Lydia ta leƙo ta ce ga allurar a jakarta, a bar ta ta yi. Audu ya tare ƙofa da jikinsa.

"Ki rufa mini asiri, Malama. In yogot ya ƙi kamawa za a san an yi allura, kuma ni za a kora. 'Ya'yana shida."

Kowa da hujjarsa, kuma kowace hujja in ka saurare ta ita kaɗai sai ka ce da gaskiyarsa. Saniya ce kawai ba ta da bakin kawo tata.

Asabar ta zo, aka kai yogot gidan biki a cikin manyan kuloli, aka yaba. Lahadi Alhaji ya ce likitoci ba sa aiki. Litinin ya tafi Abuja, ya ce sai ya dawo, don ba ya son a yi abu ba ya nan. Hajiya ta ce ita mace ce, ba ta da iko da makullin miji. Uwani ta kira shi a wayar Hajiya, ya ce yana cikin taro. A kwanakin nan ciwon ya tsallaka zuwa ɓangare na biyu. Kwalli ta daina cin dusa, ta daina tuƙa, ƙasusuwan bayanta suka fito. Kukan ma ta daina, sai dai ta tsaya ta buɗe ƙafafun baya don kada cinya ta taɓa hantsar. Injin bai fasa zuwa kanta safe da yamma ba, har ranar da ya zuƙa bai samu komai ba.

Sai a lokacin maganar ta zama abin gaggawa a gidan, don madarar sauran shanun ba ta da maiƙo, kuma masu saye sun fara cewa ɗanɗanon ya canza. Alhaji ya dawo ranar Alhamis. Ya daɗe yana magana da Audu a ƙofar gida, sannan ya shigo ya sami Uwani a bakin famfo.

"Yaya, na yi tunani, maganarki gaskiya ce. Gobe da safe za a kawo maraƙar. Ki je ki tatsa da hannunki yadda kika saba."

Ta saki robar da ke hannunta. "Allah ya yi maka albarka, Zakari. Allah ya jiƙan Inna." Ta manta da maganar dusa, ta manta da kwaɗo. Da yammar nan ta wanke ƙwaryarta ta kife, ta yage gefen tsohon zaninta ta yi sabbin tsummoki biyu, ta zauna ta tufka igiya mai laushi don kada ta goge wuyan 'Yar Kunne. Tana tufka tana lissafin yadda za ta ga ta girma a mako biyu.

Da safe ta riga kowa isa. Audu ya buɗe mata, ya gaishe ta a gajarce ya koma gefe. Ba a jima ba motar Alhaji ta tsaya. Uwani ta saurari kukan maraƙa, ba ta ji ba. Ta ga Audu ya buɗe bayan motar ya rungumo wani abu fari, mara nauyi, ƙafafunsa a sandare. Ya kawo ya jingina shi a gaban Kwalli.

Fata ce. An ɗinke ta an cusa mata ciyawa, an tsayar da ita a kan sanduna huɗu. Inda idanu suke ramuka ne. Kunne ɗaya baƙi ne.

Uwani ta san dabarar, ta taɓa ganin makiyaya na yin ta idan maraƙi ya mutu. Don haka ba ta bukaci a yi mata bayani ba. Tambaya ɗaya ta yi, muryarta ba ta ko rawa.

"Yaushe?"

Audu ya ce, "Kwana biyar da kai ta, Inna. Zawo ne. Madarar garin ba ta karɓe ta ba."

Kwana biyar. Wato ranar da take roƙo a falo a dawo da maraƙa, maraƙar na kwance tana mutuwa, ranar da take tsaye a kan shara tana yi wa saniya alƙawarin 'yarta na nan tafe, fatar na shanye a rana. Kuma duk gidan sun sani, suna wuce ta a bakin famfo suna yi mata sannu da aiki.

Alhaji ya gyara murya. "Ba mu so mu tayar miki da hankali ba ne, Yaya. Kin san hawan jininki."

Ba ta ji shi ba, don idonta na kan Kwalli. Saniyar ta miƙa wuya a hankali ta shinshina fatar tun daga wutsiya har kai. Ta yi wani ƙaramin gunji daga maƙogwaro, irin wanda take yi da asuba idan an kwance mata 'yarta. Sannan ta fitar da harshe ta fara lasar baƙin kunnen.

"Ta karɓa!" in ji Alhaji da murna. "Yaya, yi sauri."

Uwani ta wanke hannu. Ta jiƙa sabon tsumma ta tsuguna. Da ta taɓa hantsar sai ta janye hannu, ba don zafi ba. Ɓangarorin baya biyu sun yi sanyi, launinsu ya koma shuɗi-baƙi. Ta kama na gaba ta matsa. Kwalli ta saki, Allah sarki, ta sakar wa 'yarta duk abin da ta riƙe mako biyu. Abin da ya zubo cikin ƙwaryar ruwan ɗorawa ne da jini da mugunya, da warin da ya sa Alhaji ja da baya ya toshe hanci da hularsa.

A nan Uwani ta fashe da kuka, kuka mai sauti, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da ɗakinta ya rushe. Ta jingina goshi a cikin saniyar tana cewa, "Yafe mini. Ni na kawo ki."

Yanzu kam an yarda a kira Lydia, har Alhaji na cewa a yi sauri. Ta zo ta duba, ba ta ɗauki lokaci ba. Ta miƙe ta dubi Alhaji ido cikin ido.

"Hantsar ta mutu, gubar ta shiga jini. Ranar da na fara ganinta, allura uku da ruwan ɗumi sun isa. Yau ba abin da zan iya."

"To, ƙaddara ta riga," in ji Alhaji. Ya koma gefe ya kira mahauci a waya, yana cewa a hanzarta kada ta yi mushe. Lydia ta ce naman saniya mai irin wannan zazzaɓi bai kamata ya shiga kasuwa ba, ya ce wannan kuma tsakaninsa da mahauci ne. A wannan ma ba a tambayi mai saniya ba.

Da mahaucin ya zo da mutanensa, ya ga hantsar ya girgiza kai, ya tambayi abin da ya jawo. Alhaji ya rage murya, amma ba yadda Uwani ba za ta ji ba. "Ka san tatsar hannu ta mutanen da. Mun kawo inji, amma an riga an yi ɓarnar." Audu ya sunkuyar da kai.

Sai da mutum huɗu suka ɗaga Kwalli zuwa cikin motar. Har aka rufe, wuyanta a juye yake wajen fatar da ke jingine a turke.

Alhaji ya matso kusa da yayarsa. "Ki yi haƙuri, Yaya. Zan sayo miki wata, mai jinin waje, wadda ba ruwanta da maraƙi. Ta fi wannan madara sau uku."

Uwani ta share fuska da gefen mayafi. Ta dube shi tun daga takalmi har hula, wannan babban mutum mai tumbi da agogo.

"Zakari, watanka huɗu Inna ta rasu. Ina da shekara goma sha uku. Ba mai shayar da kai a gidan, ga fari, saniya ɗaya ce ke da nono, kakar kakar wannan da aka tafi da ita yanzu. Kana kuka har muryarka ta dushe. Mutane suka ce in tatse duka huɗun in ba ka, ai ɗan mutum ya fi ɗan dabba. Na ƙi. Na ba ka biyu, na bar wa maraƙar biyu, ni kuma na sha ruwan kanwa da gari na kwanta. Kai ka rayu, ita ma ta rayu, ta haifi wadda ta haifi waɗannan. Da nonon gidan nan aka yi ƙashin bayanka. Yau ga shi ka girma, ka zo ka karɓi huɗun."

Alhaji ya buɗe baki, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ce, "Yaya, wannan tsohon zance ne, ma ƙarasa a gida," ya kara wayar a kunne ya nufi mota.

Ta kwance ɗinkin fatar da hannunta, ta zazzage ciyawar, ta naɗe ta da sabuwar igiyar da ta tufka. Ta wanke ƙwaryar sau uku da sauran ruwan butar. Lydia ta ce ta zo ta tsayar mata da Adaidaita, Uwani ta ce a'a, za ta taka. Tana fita ta ji an tayar da janareta, Audu na jan injin zuwa wurin jar saniyar, da baƙin tsumman nan a kafaɗarsa.

Washegari bayan sallar asuba jikinta ya tashe ta kamar kullum. Ta hura gawayi, ta ɗora ruwa, ta gwada shi da bayan hannu, ta juye a buta. Ta ɗora ƙwarya a ka, ta saɓa tsumma. Sai da ta kai zaure, hannunta a kan sakata, sannan ta tuna. Ta tsaya a wurin, ba ta fita ba, ba ta koma ba.

Hajiya Zahra'u ta leƙo daga kicin tana hamma. "A'a, Yaya, har kin tashi? To tunda kin ɗumama ruwa, ga robobin jiya nan, yau da wuri za a zo ɗauka."

Uwani ta sauke ƙwaryar ta kife ta a gindin bango. Ta jawo kujera 'yar tsugune, ta zauna, ta tsiyaya ruwan a kan roba ta farko. Ɗuminsa ya yi daidai, yadda ba zai ƙona hantsa ba.